Zanen da Na Bayar Sau Biyu

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Sai in yi ta neman carbi alhali yana wuyana, jikokina kuwa sai na zagaye sunayensu duka kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma akwai wata Asabar a birnin New York, a farkon shekarun saba'in, wadda na tabbata ba za ta bar kaina ba sai ranar da aka kai ni inda aka kai Inna. A ranar ne na rarrafa ƙarƙashin wani bargo kamar 'yar yaye, na iske abin da na fid da rai da shi.

Maigidana akawu ne a ofishin jakadancinmu. Da aka turo shi can sai ya taho da ni, ina ɗanyar amarya, Turancina bai wuce na 'yar firamare ba. Muka kama ɗaki a St. George, a wani tsohon bene da ke kallon ruwa. Kullum da safe sai ya gangara tasha ya hau jirgin ruwa ya tsallaka Manhattan, ni kuma in tsaya a taga ina bin jirgin da ido har hazon teku ya haɗiye shi. In ya ɓace sai kukansa ya rage, mai kauri, kamar saniyar da aka raba da ɗanta. Haka nake wuni, ba mai sallama, ba mai aiko yaro a ara masa rariya.

Abu ɗaya nake da shi da ke mayar da ni gida, shi ne zanen Inna. Baƙin saƙi ne babba, irin na da. Ita ta gurje audugarsa, ta shiɓe, ta kaɗe zaren da mazarinta, sannan ta kai wa masaƙi. In ya fara koɗewa sai ta mayar da shi karofi a sake tsoma shi a buge, don haka kullum shuninsa yana zuba. Tun ina yarinya ban san Inna ba sai da shuɗin wuya da shuɗin yatsu. Ranar da zan taho ta cire shi daga kafaɗarta ta ninke ta danna mini a akwati, ta ce, "An ce ƙasar sanyi za ki." Damina ɗaya ta ƙara a duniya. Labarin rasuwarta ma sai da aka share makoki ya iso mini. Ban ga gawarta ba, ban zuba mata ruwa ko moɗa ɗaya ba, kuma ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. In kewa ta taso mini sai in buɗe akwati in cusa fuskata a cikin zanen, in shaƙi shuni da hayaƙin kara.

A saman ɗakinmu akwai wata tsohuwa, baƙar fatar Amurka, sa'ar kakata. Mutuniyar Kudu ce, daga Carolina ta hawo jirgin ƙasa tana budurwa, ta ƙare ƙarfinta a ɗakin wankin wani asibiti. Mijinta ya rasu, 'yarta tilo ma ta riga ta. Na fara saninta ne ta igiyar shanya. Wata rana na leƙa na ga ta shanya wani bargo da aka haɗa da guntayen ƙyallaye, ja da fari da shuɗi, babu guntun da ya kai tafin hannu. Tausayinta ya kama ni. A garinmu faci alamar babu ce, in kuwa ya yi yawa a jikin mutum sai yara su fara binsa da jifa. Na ce a raina, ashe Amurkar ma da matsiyata. Na zuba mata tuwo da miyar kuɓewa a kwano na hau da shi.

Daga nan muka saba. Ina ce mata Iya, tana ce mini 'yata. Da hannu da ido da guntun Turancina muke hira, kuma ba ma rasa abin faɗi. Sai a hankali na gane bargon ba na talauci ba ne kawai, ko da yake talauci ne ya haife shi. Ta ce kakarta a cikin bauta aka haife ta, da rana ta yi wa uwargijiyarta ɗinki, ragowar ƙyallayen da suka zube ta tsince ta haɗa wa 'ya'yanta abin rufa. Daga ita uwarta ta koya, da buhun fulawa da tsofaffin wandunan gona. Kowane zubi da sunansa, akwai tauraro, akwai jerin tsuntsaye masu ƙaura, akwai wanda suke kira bukkar katako. Sai ta shimfiɗa ɗaya a cinyarta tana bin sa da yatsa. Wannan wandon aikin mijinta ne, wannan rigar da ta sa ce ranar da ta baro gida, wannan mai ɗigo-ɗigon rigar makarantar 'yarta ce. Ni dai ina kallon fuskar bargon ina jinjina kai, ban taɓa ɗaga shi na ga abin da ke ƙasa ba.

Wata Litinin da hantsi, sanyi ya fara sassautawa, ta sauko ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta ce tana haɗa wani sabon bargo, kuma tana bin duk wanda ta taɓa cin abinci da shi ya ba ta ɗan ƙyalle daga tsohuwar tufarsa. Ta nuna mini tafin hannunta, ta ce iya haka ya isa.

To, ni 'yar gidan da na fito, a ce babbar mace ta tako har ɗakina in miƙa mata tsumma? Sai na ja akwati na buɗe, na shiga fito da kayana ina jerawa a gado, kamar yadda muke yi in baƙuwa ta zo ganin lefe. Ta shafa atamfa ta yaba, ta shafa leshi ta yi murmushi. Da hannunta ya sauka a kan saƙin Inna sai ya tsaya. Ta murza bakinsa da yatsu, ta kai shi hanci, ta rufe ido. Kafin in ankara bakina ya faɗi abin da aka koya masa tun yana ƙarami.

"Iya, ki ɗauka. Naki ne."

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san yadda wannan magana ke ƙarewa. Mai abu ta ce ɗauki, baƙuwa ta ce a'a, Allah ya sa ki kashe lafiya. A sake tayi, a sake ƙi, kowa ta fita kunyar 'yar uwarta, zane ya koma akwati. Ina tsaye ina jiran Iya ta yi nata rabin. Sai na ga ta rungume zanen a ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Na gode, 'yata. Asabar muna ɗinki, ki hawo." Ta juya ta kama ƙarfen matakala ta hau da shi.

Na daɗe zaune a bakin gado a cikin atamfofina. Baki shi ke yanka wuya, in ji mutanen da, kuma ranar na ji kaifinsa.

Da maigidana ya dawo na gaya masa, sai ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu yana kallona.

"Ke ma dai. Nan fa Amurka ce, in kin ce wa mutum ɗauka, ɗauka zai yi. Ki hau ki ce mata sori, mistek aka yi, shi ke nan."

"In lashe amaina a gaban sa'ar kakata?"

"To zauna ki yi ta kara, har a yi masa gunduwa-gunduwa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda suka wuce ba. Daɓen ɗakin Iya shi ne rufin nawa, kuma katako ne, ba ya ɓoye komai. Ina tuƙa tuwo ina jin almakashinta, ƙaras, ƙaras, kowace ƙara kamar a fatata. Sau nawa na yafa mayafi na kai tsakiyar matakala, sai kunya ta riƙe mini ƙafa in dawo. Na ji tsoro ƙwarai, domin gani nake in zanen nan ya tarwatse, Inna ta tafi ke nan gaba ɗaya, babu ko ƙamshinta.

Ranar Asabar bayan azahar na hau, ba don in roƙa ba, don dai in ga ƙarshensa da idona. Na iske ta da wasu tsofaffi 'yan cocinsu, sun ture gado gefe. Sun haɗa dogayen katakai huɗu sun ɗora a kan bayan kujeru, sun ɗaure bargon a tsakani ya miƙe tsaf kamar fatar ganga, su kuma sun kewaye shi a zaune. Hannun dama a sama da allura, na hagu a ƙasa ba a ganinsa. Rana ta shigo ta tagar da ke kallon ruwa ta kwanta a kan aikin. Zubin bukkar katako ne, kowane gida da ɗan jan ƙyalle a tsakiyarsa, wanda Iya ta taɓa ce mini shi ne murhu, sannan sirara-siraran ƙyallaye suna zagaye shi, gefe ɗaya masu haske, gefe ɗaya masu duhu.

Na gaishe su, idona na kan masu duhun. Shuɗi ya yi yawa a wurin, na wandon aiki, na rigar coci, na labule. Ina ta lalube ina cewa ko wannan ne, ko wancan, har komai ya dagule mini. Sai ɗaya daga cikinsu ta zaro hannunta na hagu don ta gyara tabarau, na ga kan yatsunta sun yi shuɗi. Shunin Inna ne, ko a mafarki na san shi. Na ce shi ke nan, an gama.

Iya ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "'Yata, gwiwoyinmu duk sun ƙare. A garinmu ƙaramar cikin mata ita ke shiga ƙasa ta duba ko allura na fita daidai. Shiga ki duba mana."

An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Ban da haka ma ina neman inda zan ɓoye fuskata. Na tattare zane na durƙusa na rarrafa, na ratsa tsakanin ƙafafunsu, na juya na kwanta rigingine.

Zanen Inna ne a samana, ɗungurungum, daga wannan katako zuwa wancan. Ko zare ɗaya ba a yanke ba. Ashe bargon hawa uku ne, fuska a sama, auduga a tsakiya, sai shimfiɗar ƙasa wadda ba a yankawa, ita ce ke taɓa jikin mai barci. Iya ta ƙara masa farin ƙyallen buhu a gefe-gefe don ya kai, shi kuwa ta bar shi yadda masaƙi ya sallame shi.

Har yau in na rufe ido ina iya komawa wurin. Hasken rana ya ratso ƙyallayen sama da audugar ya iso cikin saƙin a gajiye, sai wurin ya zama kamar sararin sama bayan magariba, jajayen murhunan nan suna haskowa can ciki kaɗan-kaɗan. Tsinin allurai na ɓullowa su ƙyalla su koma. Ba na ganin fuskar kowa, sai hannaye kawai, baƙaƙe, masu jijiya, kowanne da shuɗin yatsu, suna tarbar allura suna mayar da ita. Suka fara wata waƙa a maƙogwaro, ba kalmomi, ɗaya ta ja sauran su amsa. Can nesa jirgin ruwa ya yi kuka. Ƙamshin shuni da hayaƙi ya sauko ya rufe ni.

Ban san ko barci ne ya ɗauke ni ba. Na dai ga tsakar gidanmu an share an yayyafa ruwa, Inna na zaune a gindin cediya ta miƙe ƙafa, taskira a gefenta. Ta dangwali alli ta murza mazari, zaren yana fitowa daga audugar kamar ba zai ƙare ba. Ni kuma ina kwance na ta da kai da cinyarta, ta yafa mini gefen zanenta saboda ƙuda, ina kallon rana ta cikin saƙar. Fuskarta da na yi wata da watanni ina nema ina rasawa, ga ta nan sarai, har da wushiryarta. Aikinta kawai take yi. Da na buɗe ido sosai sai na hango wani ɗan faci daidai saman goshina, inda garwashi ya taɓa ƙona zanen ta like da hannunta. Kullum a cikin ninki take ɓoye shi. Na yi dariya ina hawaye, ashe Inna ma mai faci ce.

Sai na ji an ja kujera. Iya ta dafa ta sauko da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta zauna a daɓe ta sunkuyo kusa da ni. Ta yi magana a hankali yadda zan gane.

"Almakashina bai taɓa shi ba. Kakata ta yi kaɗi, na san zaren hannu in na taɓa. Na kawar da wanda na tanada na sa wannan." Ta dafa kafaɗata. "Na ga fuskarki ranar nan. Bakinki ya ba ni, idonki bai ba ni ba. Na hau da shi ne don hannuna ya ƙi saki. Ɗinkin bai yi nisa ba, in kin ce a warware, kafin shayi ya huce yana hannunki."

Na buɗe baki zan yi irin tamu, in ce haba Iya, ba komai. Ta ɗaga mini hannu.

"Tsaya ki ji bargon na wane ne tukuna. Nawa ne. Likita ya gaya mini abin da ya gaya mini, kuma ba na so ya same ni a nan. Da zafi ya shigo zan koma gida. Zan rufa da shi iya kwanakin da suka rage, in na tafi a naɗe ni a ciki, haka muka yi wa uwata. Shi ya sa nake bin mutanena ƙyalle-ƙyalle, kada in tafi ni kaɗai. Don haka ki sani, in kin bar shi, ƙasa zai shiga. Kada ki ba ni amsar kunya."

Allurai duk sun tsaya a samanmu. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake so tsakani da Allah irin haka, kuma gaskiya ina son zanena. Na ɗaga hannu na shafa facin nan. Sai na tuna Inna ba ta taɓa barin baƙuwa ta kwana a gidanmu ba mayafi ba, ko da ita za ta kwana a takure. Na tuna ranar da aka yi mata sutura ina nan ina kallon jirgin ruwa, wasu ne suka yi mata abin da ya kamata in yi. Ga wata uwa a gabana tana shirin tafiya, ba 'yar da za ta rufa ta. Ita kuwa Inna cewa ta yi ƙasar sanyi za ni, ba ta ce wa zai ji sanyin ba.

Na ce, "Iya, ba ni allura."

Ta daɗe tana duban idona, sannan ta gyaɗa kai. Muka kama juna muka miƙe, aka matsa mini na zauna a cikinsu. Ɗinkinsu ƙanana ne kamar ƙwayar gero, a jere, nawa kuwa tsalle yake yi. Mai tabarau ta leƙo ta ce irin wannan shi ke kama farcen ƙafar mutum cikin barci. Aka yi dariya, Iya ta ce kada wanda ya warware shi. Muka yi ta ɗinki har rana ta sauka a kan ruwa, allura ta huda mini yatsa ban san sau nawa ba.

Da na sauko maigidana ya dubi hannuna ya ce, "Kin karɓo?"

Na ce, "Na bayar."

Ya sake duban fuskata, ya gyaɗa kai. Ban sa sabulu a yatsun nan ba, na bar shunin ya fita don kansa.

Su Iya suna da wata al'ada, wai mafarkin da mutum ya yi a kwanansa na farko cikin sabon bargo ba ya faɗuwa ƙasa. Washegarin ranar da aka ɗinke bakin bargon na hau kai mata kunu, na same ta zaune a gado ta rufa da shi, wuyanta ya yi shuɗi. Ta ce ta yi mafarki ta yi tafiya mai nisa a ƙafa, ta iso wani gida na ƙasa, ta ga wata mace a gindin wata babbar bishiya tana kaɗi. Matar ba ta jin yarenta, ita ma ba ta jin nata. Ta dai ɗago ta yi mata murmushi, ta gusa ta ba ta wuri a kan tabarma.

Na ce, "Tana da wushirya?" Na nuna mata tsakanin haƙorana.

Ta ce, "Tana da ita."

Ko ni na taɓa ba ta labarin Inna har ya zauna mata, ko ba ni ba ce, Allah shi ne masani. Ni dai na ajiye kwanon kunun na zauna a bakin gadonta na yi kukan da ban samu na yi ba tun ranar da labari ya zo.

Da zafi ya shigo muka raka ta tasha, bargon a ƙulle a hammatarta, ta ƙi yarda kowa ya riƙe mata. Na tsaya har jirgin ya shige hazo. Kafin ganye ya fara zuba mai tabarau ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce Iya ta rasu, kuma an yi yadda ta ce.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, abin da baki ya bayar don kunya bai zama kyauta ba sai zuciya ta sake shi. Na ba da zanen nan ranar Litinin na kwana ina kuka da shi, na sake ba da shi ranar Asabar, kuma tun daga lokacin ban ƙara jin na rasa shi ba. Har yau ina kara, jinina ce, amma ba na ce wa mutum ɗauka sai na tambayi cikina, in kuwa na faɗa ba na bin abin da ido. Jikokina kan tambaye ni ko Inna ta bar mini wani abu. Sai in ce musu ta bar mini zane, amma ta yi baƙuwa, an rufa mata shi.